Kukan Ma'aikatan Jinya da Yadda Ya Shafe Mu

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, tsohon ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, ya gabatar a taron ƙungiya a Jimeta



Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, shugabannin 'yan kasuwa, iyayenmu mata, matasa, da sauran 'yan'uwa mazauna Jimeta da Yola, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ga ya dace a ba ni wannan dama in yi magana a kan aikin da na ƙare ƙuruciyata a cikinsa, wato aikin jinya.

Na san tun kafin in buɗe baki akwai waɗanda suka ce a ransu: to, ga shi zai zo ya kare 'yan'uwansa nas-nas. Domin kusan duk wanda ke zaune a nan yana da labarin da zai bayar. Wani an yi wa matarsa tsawa a ɗakin haihuwa, wani ya kai mahaifinsa cikin dare ya daɗe yana neman wanda zai dube shi, wani kuma ya je ya tarar da ƙofa a rufe an ce ana yajin aiki. Duk na san da wannan, kuma zan zo kansa. Amma abin da nake so mu bar wurin nan da shi guda ɗaya ne: duk abin da ya taɓa albashin nas da halin da take aiki a ciki, a kan gadon majinyaci yake sauka, majinyacin nan kuwa mu ne. Mafi yawanmu 'yan kasuwa ne, da mahauta, da direbobi, da teloli, da 'yan ƙwadago. Mu ba masu hawa jirgi zuwa Masar ko Indiya ba ne in ciwo ya kama mu. Asibitin gwamnati shi ne gatanmu.

Da farko bari mu san wanda muke magana a kansa. Kafin a kira mutum cikakken nas, sai ya gama sakandare da kyakkyawan sakamako a Turanci da lissafi da darussan kimiyya guda uku, sannan ya yi aƙalla shekara uku a makarantar koyon jinya, irin wadda muke da ita a nan Yola, ko shekara biyar a jami'a. Bayan nan sai ya ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, ta ba shi lasisi. Likita yakan zo ya duba, ya rubuta magani, ya wuce gado na gaba. Nas ita ce ke nan safe da yamma da dare. Ita ke yin allura, ita ke sa ƙarin ruwa, ita ke wanke miki, ita ke lura in numfashi ya sauya da ƙarfe uku na dare. A ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye kuwa, sau da yawa babu likita sam, nas ko ungozoma ko malamin lafiya shi ne komai.

To mene ne kukansu? Abu na farko shi ne albashi. Ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba ana biyansu ne bisa wani tsari da ake kira CONHESS, likitoci kuma suna da nasu daban mai suna CONMESS. Rikici a kan tazarar da ke tsakanin waɗannan tsare-tsare biyu shi ya jawo dogon yajin aikin gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, JOHESU, wanda aka fara a watan Afrilu na 2018, aka shafe wajen mako shida ana yi. Bugu da ƙari, iyayen gidan nas uku ne a ƙasar nan: gwamnatin tarayya, da ta jiha, da ƙaramar hukuma. Mutum biyu su zauna aji ɗaya, su ci jarrabawa ɗaya, amma abin da suke ɗauka a ƙarshen wata ya bambanta saboda kawai wurin da kowa ya samu aiki. Shi ya sa za ku ga na ƙaramar hukuma yana neman komawa jiha, na jiha yana hangen tarayya, na tarayya kuma idonsa na kan ƙasar waje. Wa aka bari a baya? Asibitin unguwa, wanda ya fi kusa da talaka.

Kada a ce ba a yi komai ba, gaskiya ɗaya ce. A watan Yuli na 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga naira 30,000 da aka tsayar a 2019, kuma Jihar Adamawa a ƙarƙashin Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri tana cikin jihohin farko da suka soma biya. Amma ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin abin da ya sami kuɗi. Kafin a janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Dala da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta wuce naira 1,500 a cikin 2024. Nas ɗin da ke zaune a Jambutu ko Doubeli tana aiki a cikin garin Yola, Keke Napep za ta hau zuwa da dawowa, ta biya haya, ta biya kuɗin makarantar yara, ta sayi masara a kasuwar da ku ke sayarwa. An ƙara mata da hannun dama, tsadar rayuwa ta karɓe da hannun hagu.

Abu na biyu shi ne haɗarin aikin. Mu nan ba sai an ba mu labari daga nesa ba. Zazzaɓin Lassa da ake ji a rediyo, sunan wani gari ne ya ɗauka, garin Lassa da ke ƙaramar hukumar Askira/Uba a Jihar Borno, dab da iyakarmu. A can aka fara gane cutar a 1969, kuma waɗanda aka fara sanin ta kashe ma'aikatan jinya ne na asibitin mishan. Tun daga lokacin har yau, duk annobar da ta ɓarke, ko Lassa ce, ko kwalara irin wadda ta afka wa Mubi a 2018, ko korona a 2020, nas ce ke fara taɓa majinyaci tun ba a san abin da ke damunsa ba. To, kun san nawa ake biyan ma'aikacin lafiya a matsayin alawus na haɗari shekara da shekaru? Naira 5,000 a wata. Sai a ƙarshen 2021, bayan korona ta yi ɓarnarta, gwamnatin tarayya ta amince da ƙari. Ku auna da kanku, jama'a: naira 5,000, ga mutumin da zai iya kwaso cuta ya kai wa iyalinsa gida.

Ku tuna kuma da shekarun tashin hankali. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, gidajenmu suka cika, sansanonin Malkohi da Damare da Fufore suka cika. A ranar 23 ga Oktoba, 2015, bom ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu. A ranar 17 ga Nuwamba na shekarar wani ya sake tashi a nan Jimeta, ya kashe fiye da mutum 30. Ina aka kai waɗanda suka jikkata? Asibitin Ƙwararru na nan Jimeta, da asibitin tarayya na Yola da a lokacin ake kira FMC, wanda yanzu ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Sa'ad da kowa ke gudu ya kulle gida, ma'aikatan asibiti can suka nufa. A ranakun nan ba wanda ya tambayi nas ko ita Bachama ce, ko Kilba, ko Margi, ko Bafulatana, ko Bahaushiya, ita ma ba ta tambayi wanda ke kwance ba. Wannan bashi ne a kanmu, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Abu na uku shi ne ƙarancin ma'aikata da kayan aiki. Wasu sun yi ritaya, wasu sun rasu, wasu sun tafi, ba a cike gurbinsu yadda ya kamata ba. Sai ka ga nas ɗaya ko biyu da ɗaki guda cike da majinyata cikin dare. Wannan na kira, wancan ruwansa ya ƙare, ga wata naƙuda ta taso. In wuta ta ɗauke kuma babu man janareta, da tocilan ko hasken waya za a nemi jijiya. In babu safar hannu, ko sirinji, ko auduga, sai a rubuta wa ɗan'uwan majinyaci ya je kemis ya sayo, shi kuwa sai ya ɗauka nas ce ta ɓoye na gwamnati. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Ba nas ke rubuta kasafin kuɗi ba. A watan Afrilu na 2001, a Abuja, shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. A gidanmu aka yi alkawarin, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba, yawancin shekaru abin bai wuce kashi 4 zuwa 6 ba. Daga nan yoyon ya faro.

To, mutumin da ya ga haka, me zai yi? Hanya biyu ce ke gabansa: ko ya tafi, ko ya yi yajin aiki.

Tafiya dai ba yau aka fara ba. Dattawan da ke nan suna tuna zamanin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da aka shigo da shi a 1986, lokacin da likitoci da nas-nas suka riƙa tafiya Saudiyya neman abin rufin asiri. Amma na yanzu ya fi ƙarfi. A watan Fabrairu na 2024, magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma na lokacin, Dokta Faruk Abubakar, ya bayyana cewa nas-nas wajen 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Ingila, da Amurka, da Kanada, da ƙasashen Larabawa, duk suna neman su. A Ingila, Nijeriya tana cikin ƙasashe uku da suka fi ba su nas-nas daga waje, tare da Indiya da Filifin. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023, waɗanda ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a ce kada a riƙa zuwa ana ɗibar musu. Wato da kuɗin talakan Nijeriya aka horar, tsofaffin Turawa ke cin moriya.

Da hukumar ta ga haka, a watan nan na Fabrairu 2024 sai ta fitar da ƙa'idar cewa sai nas ta yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin a tantance mata takardun fita waje. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, suna cewa a gyara albashi da wurin aiki, ba a toshe ƙofa ba. Ni ma a ganina, wanda kake so ya zauna, shimfiɗa kake gyara masa, ba ƙofa kake kullewa ba.

Sai yajin aiki. Mu ɗauki na 2025. Ƙungiyar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, NANNM, ɓangaren asibitocin tarayya, ta ba gwamnati wa'adin kwana 15 a tsakiyar watan Yuli, da wa'adin ya cika suka shiga yajin aikin gargaɗi na kwana bakwai daga ranar 30 ga Yuli. Me suka nema? A ƙara alawus na aikin karɓa-karɓa da na kayan sawa, a yi musu tsarin albashi nasu na kansu, a ɗauki sababbin ma'aikata da yawa, a kafa sashen aikin jinya a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, a kuma tabbatar da tsarin aikinsu da ƙarin girmansu wanda aka amince da shi tun 2016 amma aka bar shi a aljihun tebur. Bayan zama da ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da jami'an gwamnati, aka janye yajin a ranar 2 ga Agusta. Ku lura da abu ɗaya: cikin buƙatun nan har da a ƙaro ma'aikata. Wannan ba aljihun nas zai shiga ba, ku da ni zai amfana.

Yanzu bari in juyo kan 'yan'uwana ma'aikatan jinya, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙarancin albashi ba hujja ba ce ta zagin mace mai naƙuda, ko wulaƙanta dattijo don bai iya Turanci ba, ko karɓar kuɗin da ba rasit, ko barin wurin aiki a tafi asibitin kuɗi. Wanda ya zo asibiti ba shi ya hana ki haƙƙinki ba, shi ma wanda aka zalunta ne. Yajin aiki kuma, ko da yake haƙƙin ma'aikaci ne, kowa ya san wanda ke mutuwa a cikinsa ba ɗan minista ba ne. Don haka ya wajaba ƙungiyoyi su riƙa barin masu kula da ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa, ita kuma gwamnati ta daina jira sai an rufe asibiti kafin ta tuna da yarjejeniyar da ta sa wa hannu. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da suka mutu wajen ciki da haihuwa a duniya a 2020, a Nijeriya suke. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da rarar ungozoma ko ɗaya da za ta yi wasa da ita.

To, mu a matsayinmu na ƙungiya, me za mu iya yi? Wani zai ce mu baƙi ne, mu yi kasuwancinmu mu yi shiru. A'a. Kakannin wasunmu sun zo nan tun zamanin fatauci da jiragen ruwan Binuwai, a nan aka haife mu, a nan muke biyan haraji, a nan muke jefa ƙuri'a, a nan kuma za a binne mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga shawarwarina guda biyar.

Na ɗaya, mu gyara zuwanmu asibiti. Kada mu ajiye majinyaci a gida kwana biyar ana jiƙe-jiƙe, sai rai ya kai ga wuya mu kawo shi da tsakar dare, in ya cika mu ce nas ta kashe shi. Iyaye maza, ku bar matanku su je awon ciki, ku kuma ajiye ɗan abin mota da na jini tun ciki na ƙarami. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, mu ja kunnen matasanmu. Zagi ko ɗaga hannu a kan ma'aikacin asibiti laifi ne a gaban doka, abin kunya ne kuma ga al'ummarmu. In an yi maka ba daidai ba, kowane ɗaki yana da shugabar nas-nas, kowane asibiti yana da hukuma. Ka riƙe rana da lokaci, ka kawo wa shugabannin ƙungiya, a rubuta takarda a kai. Takarda ɗaya mai sa hannun dattawa ta fi ihun mutum goma.

Na uku, mu shiga kwamitocin raya mazaɓu da ke sa ido a kan ƙananan asibitoci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a wani asusu na kiwon lafiya matakin farko, kuma wani kaso na kuɗin nan asibitocin mazaɓu ake tura wa. Muna da mutane a Luggere, da Nassarawo, da Rumde, da Limawa, da Alkalawa, da Gwadabawa, da Yelwa, da Ajiya. A kowace mazaɓa a samu namu mutum ɗaya da zai zauna a kwamiti, ya san abin da ya shigo da abin da aka yi da shi.

Na huɗu, in 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a, kada mu tsaya ga atamfa da buhun shinkafa. Mu tambaye su: nas nawa aka ɗauka aiki bana? Nawa suka yi ritaya? An biya su kuɗin sallama? An biya ƙarin girma? Gina asibiti da fenti abu ne mai kyau, amma gini ba ya yin allura.

Na biyar, kuma shi ya fi damuna, mu sa 'ya'yanmu karatun jinya da ungozoma, musamman mata. Kullum muna ƙorafi cewa ba ma son namiji ya duba matanmu, ko kuma ba a jin maganarsu a asibiti, amma 'ya'yanmu mata nawa muka bari suka gama sakandare? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Aikin nan kuma ba baƙo ba ne a wurinmu: malamai suna nan, sun san tarihin Rufaida al-Aslamiyya, wadda take jinyar masu rauni a tantinta a Madina, har aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Makaranta tana nan Yola, ba sai yarinya ta bar gaban iyayenta ba. Ina roƙon shugabanni su buɗe asusu, ko da yara biyu ne a shekara, ƙungiya ta ɗauki nauyinsu. Attajiranmu na babbar kasuwar Jimeta, Allah ya hore muku, wannan sadaka ce mai gudana. Wani zai ce, kai da ka gama lissafa wahalar aikin, kuma kake cewa mu tura 'ya'yanmu? E, haka nake cewa. Domin ranar da 'yarka ce ke aikin dare ba wuta ba safar hannu, ranar ce za ka san kukan nan naka ne, ka tashi ka nemi gyara.

Jama'a, lafiya uwar jiki ce, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati ta biya haƙƙi, nas ta riƙe amana, mu kuma mu ba da girma, mu sa ido, mu yi magana inda ake ji. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun nan kuwa a cikin ɗakinmu yake ci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya saka wa ma'aikatan lafiya da alheri, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da Jihar Adamawa da Nijeriya lafiya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.